Yadda Mai Bi Zai Shiga Rayuwar Ikkilisiya Har Bangaskiyarsa Ta Yi Amfani

Akwai mutane da yawa da suka yi shekara da shekaru suna zuwa sujada, suna zama a kujerar da suka saba, suna rera waƙoƙin da suka haddace tun suna yara, amma idan aka tambaye su abin da ikkilisiya take yi a rayuwarsu, ko abin da su suke yi a cikinta, sai amsa ta gagara. Sau da yawa laifin ba nasu kaɗai ba ne, domin ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu cewa akwai abin da ake nema a wurinsu bayan halartar taro. Wannan bayani na wanda yake so ya tashi daga matsayin ɗan kallo ne, ko sabon tuba ne shi, ko kuwa an haife shi a gidan masu bi.

Abin da ya kamata ka fara da shi shi ne sanin dalilin da ya sa ikkilisiya ta kasance. Littafin Ayyukan Manzanni sura 2 ya ce a ranar Fentikos mutum wajen 3,000 suka karɓi wa'azin Bitrus aka yi musu baftisma, sai aya ta 42 ta faɗi abubuwa huɗu da suka lazimta: koyarwar manzanni, da zumunta, da gutsuttsura gurasa, da addu'a. Idan ka haɗa wannan da umarnin da Yesu ya ba almajiransa a ƙarshen Bisharar Matiyu, cewa su je su almajirtar da dukkan al'ummai, su yi musu baftisma, su koya musu kiyaye abin da ya umarta, to, ka sami ma'aunin da za ka auna kowace ikkilisiya da shi, har da kanka. Ka lura cewa ba a ambaci gini ba. Masu bi na farko a gidajen juna suke taruwa, shi ya sa Bulus ya gai da ikkilisiyar da take gidan Akila da Biriskila a Romawa sura 16. Wajen shekara ta 155, wani malamin Kirista mai suna Jastin, wanda daga baya aka kashe shi a Roma saboda bangaskiyarsa, ya rubuta wa sarkin Roma yadda taron Lahadi yake gudana: a karanta rubuce-rubucen manzanni da na annabawa, shugaban taro ya yi gargaɗi, jama'a su miƙe su yi addu'a, a raba gurasa da ruwan inabi, dikinoni su kai wa waɗanda ba su sami zuwa ba, sannan a tara baiko domin marayu da gwauraye da marasa lafiya da fursunoni da baƙi. Duk wanda ya saba da sujadar Lahadi a yau zai gane wannan tsari, sai dai sashe na ƙarshe, wato kai wa waɗanda ba su zo ba da kula da mabukata, shi ne ya fi saurin ɓacewa idan ba a sa ido ba.

Da wannan ma'auni za ka zaɓi inda za ka zauna, idan har zaɓin yana hannunka. Kada girman gini ko daɗin kiɗa su yanke maka hukunci. Ka halarci sujada na 'yan makonni, ka saurari wa'azi da Littafi Mai Tsarki a buɗe a hannunka, ka duba ko abin da mai wa'azi yake faɗa yana cikin nassin da ya karanta, ko kuwa ya karanta aya ɗaya ne ya ajiye ta ya shiga labarin kansa. An yabi mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 domin suna bincika Nassosi kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake, kuma idan an bincika maganar manzo, ba wani mai wa'azi da ya fi ƙarfin a bincika tasa. Ka tambayi abin da ikkilisiyar ta gaskata game da Allah, da Almasihu, da Ruhu Mai Tsarki. Yawancin ɗarikun Kirista, duk da bambancin da ke tsakaninsu, sun yarda da shaidar bangaskiyar da aka tsara a taron Nikiya a shekara ta 325, aka kuma faɗaɗa ta a Konstantinoful a 381, saboda haka wurin da ya kauce mata ya kamata ya iya bayyana maka dalilinsa. Ka kuma lura da yadda ake maganar kuɗi. Inda ake sa wa addu'a farashi, ko ake alkawarta warkarwa gwargwadon abin da mutum ya bayar, ka tuna da amsar da Bitrus ya ba Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni sura ta 8 sa'ad da ya miƙa kuɗi domin ya sayi baiwar Allah, ka kama gabanka.

Idan ka sami wuri, ka zauna. Ba za ka sami ikkilisiyar da ba ta da aibi ba. Wasiƙun da Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cike suke da tsawatarwa kan rarrabuwa da kai juna ƙara da rashin tsari a Jibin Ubangiji, amma duk da haka ya kira su tsarkaka. Mai yawo daga wannan majami'a zuwa waccan ba ya daɗewa har a san shi, wanda kuwa ba a sani ba, ba mai iya yi masa gyara ko ɗauke masa kaya. Ka je wurin fasto ko ɗaya daga cikin dattawa ka gabatar da kanka, ka faɗi inda ka fito da matsayinka, ko an yi maka baftisma ko ba a yi ba, ka nemi a sa ka a ajin koyarwa idan akwai. Ka riƙa zuwa kafin a fara sujada, kada kuma ka yi wuf ka fita da zarar an sa albarka. Mintunan nan da ake tsayawa a bakin ƙofa ana gaisawa, a nan ne za ka ji cewa mahaifiyar wane tana kwance, wane kuma ya rasa aikinsa. Ka shiga ƙaramar ƙungiya ta nazari ko ta addu'a, inda in ba ka zo ba za a lura. Zumunci a ƙafa yake, kuma sauraren wa'azi ta rediyo ko intanet, duk da amfaninsa ga marar lafiya da matafiyi, ba ya maye gurbin wannan.

Game da ciyar da bangaskiya a gida, magana kaɗan ta isa. Romawa 10:17 ta ce ta wurin ji bangaskiya take samuwa, ji kuwa ta maganar Almasihu. Ka keɓe lokaci ɗaya a kowace rana, ko da kaɗan ne. Idan ba ka san inda za ka fara ba, ka fara da Bisharar Markus, ita ce mafi gajarta, surori 16 kawai, ka bi ta daga farko har ƙarshe maimakon tsintar ayoyi nan da can. Ranar da bakinka ya rasa abin faɗa a addu'a, ka buɗe Zabura ka yi addu'a da kalmominta.

Sai kuma neman aikin yi. Bulus ya kwatanta ikkilisiya da jiki a 1 Korintiyawa 12, ya ce ido ba zai ce wa hannu ba ya bukatarsa ba, har ya ƙara da cewa gaɓoɓin da ake gani kamar raunana su ne ba a iya yi sai da su. Mutane sukan ɓata lokaci suna jira su gano baiwarsu kafin su taɓa komai, alhali kuwa a cikin aiki ne baiwa take fitowa fili. Ka duba abin da ba a yi, ka tambayi wanda ke kula da shi ko za ka iya taimakawa: shara, jera kujeru, koyar da yara a makarantar Lahadi, rubuta lissafi, rakiyar tsoho zuwa asibiti. Sa'ad da aka yi gunaguni a ikkilisiyar Urushalima cewa ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci na yau da kullum, manzanni ba su ce ƙaramin abu ne ba. Sun sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, su kula da aikin, kuma daga cikin waɗannan masu rabon abinci ne aka sami Istifanas, shahidi na farko, da Filibus wanda ya kai bishara Samariya.

A cikin ayyukan da kowa zai iya yi, ziyarar marar lafiya ko wanda aka yi wa rasuwa ita ce ta fi bukatar koyo, domin a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Ka nemi izini kafin ka je. Idan ka shiga, ka zauna, kada ka tsaya a kansa kamar mai jiran a sallame shi. Ka gaishe shi, ka tambayi jikinsa, sannan ka yi shiru ka bar shi ya yi magana. Kada ka ce masa ka san dalilin da ya sa Allah ya bar abin ya faru, domin ba ka sani ba. Abokan Ayuba sun yi daidai a kwana bakwai ɗin da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suka fara neman laifinsa ne suka ƙara masa ciwo, har Allah ya tsawata musu a ƙarshen littafin. Maimakon ka ce “in kana bukatar wani abu ka faɗa mini,” wanda kunya ba za ta bar shi ya amsa ba, ka dubi ɗakin da idonka, ka ga ko magani ya ƙare, ko yara ba su da mai kai su makaranta, ka ce za ka yi abu kaza ranar kaza. Ka tambaye shi ko yana so a yi addu'a, ka yi ta a taƙaice, ka tafi kafin ya gaji. Bayan makonni, lokacin da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, ka koma. Irin wannan ne Yaƙub yake nufi a sura ta 2 ta wasiƙarsa, inda ya ce wanda ya sallami ɗan'uwa mai yunwa da huntanci da fatan alheri kawai, bangaskiyarsa matacciya ce. Wannan bai saɓa wa koyarwar Afisawa 2 ba, cewa ta alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba, domin aya ta 10 ta wannan sura ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka.

Wajen bayarwa, ka yanke shawara tun a gida, gwargwadon samunka, kamar yadda 1 Korintiyawa 16:2 ta nuna, ba a cikin zafin taro ba. Kana kuma da ikon tambayar yadda ake kashe baiko, kuma shugabanni masu gaskiya ba sa jin haushin wannan tambaya.

Ko ba jima ko ba daɗe, wani zai ɓata maka rai, kuma a nan ne mutane da yawa suke barin ikkilisiya. Yesu ya shimfiɗa hanya a Matiyu 18:15-17, kuma hikimarta tana cikin jerinta. Ka fara zuwa wurin mutumin kai kaɗai, tsakaninka da shi. Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, domin ya fi sauƙi ka gaya wa mutum goma abin da aka yi maka da ka fuskanci mutum ɗaya da ya yi. Idan ka je, ka faɗi abin da ya faru da yadda ya taɓa ka, ban da tono tsofaffin laifuffuka, ka kuma shirya jin nasa ɓangaren, domin mai yiwuwa kai ma kana da abin neman gafara. Idan bai saurara ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu masu hankali, waɗanda ba 'yan goyon bayanka ba ne. Sai wannan ya ci tura za a kai maganar gaban ikkilisiya. Manufar duk matakan ita ce a maido da ɗan'uwa. Amma a kula: wannan tsari na saɓani ne tsakanin 'yan'uwa. Idan abin ya kai ga cin zarafin yaro, ko duka, ko satar dukiyar jama'a, ba a rufe shi da sunan gafara. A kare wanda aka cuta tukuna, a kuma sanar da hukumar da doka ta ɗora wa alhakin bincike, ko da mai laifin shugaba ne.

Za ka kuma shiga lokacin da addu'a take zama kamar magana da bango, shakka kuma ta taso. Kada ka ɗauka bangaskiyarka ta mutu, kada kuma ka ɓoye. Uban yaron nan mai farfaɗiya a Markus sura 9 ya ce wa Yesu ya ba da gaskiya, ya kuma roƙa a taimaki rashin bangaskiyarsa, duk a numfashi ɗaya, Yesu kuwa ya warkar da ɗansa. Toma ya ƙi yarda da labarin tashin Almasihu, amma bai rabu da sauran almajirai ba, shi ya sa yana cikin ɗakin sa'ad da Yesu ya sāke bayyana bayan mako guda. Ibraniyawa 11, wadda ta kira bangaskiya tabbacin abin da ake sa zuciya a kai, ita ce kuma ta ce mutanen da ta lissafta sun mutu ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, wasu ma an jejjefe su, wasu an ɗaure. Saboda haka wanda ya koya maka cewa amfanin bangaskiya shi ne ta hana wahala zuwa, ya koya maka abin da nassi bai faɗa ba. Amfaninta shi ne ta haɗa mai zunubi da Allah ta wurin Almasihu, ta ba shi dalilin yin gaskiya lokacin da ƙarya ta fi riba, ta kuma riƙe shi da begen tashin matattu a bakin kabari. A irin wannan lokaci na duhu, ka nemi wani dattijo ko dattijuwa da suka daɗe a cikin bangaskiya, ka faɗa musu tambayarka yadda take, ba tare da ka yi mata ado ba, ka ci gaba da zuwa sujada ko da ba ka jin komai, ka kuma riƙe aikin da aka ba ka har lokacin ya wuce.