Yadda zaka ware tarihi da tatsuniya a labarin faɗuwar daular Shang

In kana son labarin sarakunan Sin na dā, wajen da zaka fi rikicewa shine lokacin da Zhou suka ƙwace mulki daga Shang, don an cakuɗa mutanen gaske da aljanu har ba'a gane wane ne wane. Amma akwai hanyar warewa.

Fara da riƙe mutum huɗu kawai. Di Xin, sarkin Shang na ƙarshe, sai Sarki Wen na Zhou da ya shirya komai amma rai bai kai shi ba, sai ɗansa Sarki Wu da ya ci yaƙin Muye wajen 1046 kafin haihuwar Annabi Isa, sai Jiang Ziya mai basu shawarar yaƙi. Sauran duk ka rataya su jikin waɗannan.

Daga nan kowane suna ka ji, tambayi kanka, waye ya rubuta, kuma yaushe? Nan ne aikin yake gaskiya. Mutanen Shang suna rubutu a ƙasusuwan shanu da ƙoƙon kunkuru don duba, masana suka fara tono su a Anyang a 1928, kuma sunayen sarakunansu sun fito a ciki. Akwai kuma tukunyar tagulla mai suna Li gui da aka samu a 1976 a Shaanxi, rubutun jikinta ya ambaci Sarki Wu ya kai wa Shang hari da safiyar ranar jiazi (sunan rana ne a kalandarsu), kaga wannan shaida ce ta zamanin. Shi kuwa marubucin tarihi Sima Qian ya zo bayan shekara kusan 900, ka karanta shi amma da lura. Nezha, yaron nan jarumi na tatsuniya, da maganar cewa Daji, matar Di Xin, aljanar dila ce da ta shiga jikin mace kuwa, littafin Fengshen Yanyi na zamanin Ming ne ya baza su, ka sa su gefen nishaɗi.

Sai ka lura da labarin da ke maimaita kansa. Jie na Xia, daular da aka ce ta gabaci Shang, yana da Mo Xi, Di Xin yana da Daji, Sarki You na Zhou yana da Bao Si, kullum sarkin ƙarshe mashayi ne azzalumi kuma mace ce ta ɓata shi, abin nan yana damuna wallahi don matan nan basu bar mana ko kalma ɗaya ta bakinsu ba. Zhou ne suka zo da cewa Sama ke bada mulki ta kuma karɓe daga azzalumi, to dole wanda suka kayar ya fito baƙi ƙirin. Ko Zigong, almajirin Confucius, ya ce muguntar Di Xin bata kai yadda ake faɗi ba.

Irin su Bi Gan da aka ce an ciro masa zuciya don ya yi wa Di Xin nasiha, da Boyi da Shuqi da suka ƙi cin hatsin Zhou har yunwa ta kashe su, kar ka watsar kuma kar ka rantse a kai. Buɗe musu shafi na tsakiya, ka rubuta wa kowa tsohon littafin da ya fara ambatarsa.