Darasi na Bakwai: Halittun da ke Zaune Inda Hasken Rana ba ya Kaiwa

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar kifi ta Fot Sudan da sassafe, lokacin da masunta suke sauke kamunsu, zai iya tuna wani kifi da ake samu jefi-jefi a cikin kwando, idanunsa sun firfito waje, wani abu ja kamar harshe ya toshe masa baki. Ranar da na fara ganinsa na tambayi dattijon da ke sayarwa, na ce, "Baba, wannan ba cuta ce ta kama shi ba?" Ya ɗaga kifin ya juya shi, ya ce, "A'a, ɗana, lafiyarsa ƙalau. Daga ƙasa sosai aka jawo shi, kuma wannan da kake gani tumbinsa ne."

Gaskiya dattijon ya faɗa, kuma daga maganarsa za mu fara darasinmu. Ruwa yana da nauyi, kuma iyakar nitsewar mutum iyakar yawan ruwan da ke danne shi. A zurfin mita 1,000, wurin da bai wuce faɗin farcen yatsa ba yana ɗauke da nauyin kilo 100, wato kwatankwacin buhun dawa. Kifaye da yawa suna da jakar iska a cikinsu wadda take taimaka musu su tsaya cikin ruwa ba tare da sun nitse ko sun taso ba. Idan aka fizgo kifi da sauri daga zurfi, nauyin da ke danne jakar yana raguwa, sai iskar ta kumbura, ta turo tumbi ta baki, ta turo idanu waje. Don haka wani ɓangare na munin da muke gani a hotunan kifayen zurfi da suke yawo a waya, fito da su ne ya jawo shi.

Bayan nauyi sai duhu. Hasken rana yana yin rauni ƙwarai daga mita 200, idan kuma aka kai mita 1,000 ba ya saura ko kaɗan, dare da rana duk ɗaya ne. Ɗalibin da ya yi karatun allo zai tuna aya ta 40 cikin Suratun Nur, wadda ta ambaci duffai a teku mai zurfi, sashensu a kan sashe, har mutum ya fitar da hannunsa bai kusa ganinsa ba. Inda babu rana tsiro ba ya fitowa, saboda haka abinci ya yi ƙaranci. Mazauna wurin suna dogara ne ga ɓurɓushin matattun halittu da ke zubowa daga sama a hankali, ko kuma su ci junansu.

Wannan yunwa ita ce ta bayyana siffofin da suke ba mu tsoro. Akwai kifin da za mu kira mai fitila a goshi. Macen tana da wani siririn tsinke da ya fito daga kanta ya lanƙwaso gaban bakinta, a ƙarshensa kuma akwai ɗan ƙullutu mai haske, wanda wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke haskakawa. Ba ta wahalar da kanta da farauta, domin iyo yana cin ƙarfi, abincin da zai mayar da ƙarfin kuwa ba kullum ake samunsa ba. Tana tsayawa cik cikin duhu, ƙaramin kifi ya hango hasken ya zaci abinci ne, ya matso, ta buɗe baki ta haɗiye shi. Haƙoranta dogaye ne, sun karkata ciki, yadda abin da ya shiga ba zai fita ba. Al'amarin namijin ya fi ban mamaki. A wasu jinsunan ɗan ƙarami ne ƙwarai, kuma da yake haɗuwa da mace a wannan faɗin duhu abu ne mai wuya, idan ya same ta sai ya cije jikinta ya manne, har fatarsu ta haɗe, ya riƙa samun abinci daga jininta iyakar rayuwarsa.

Akwai kuma wani baƙin kifi mai tumbi kamar roba, wanda yake iya haɗiye kifin da ya fi shi tsawo. Ina so ɗalibai su riƙe wannan: yawancin kifayen nan masu mugun haƙori ƙanana ne, da dama ba su kai tsawon kamu ɗaya ba, hoto ne yake girmama su.

Manya ma akwai su. Masunta sun san habbar, dabbar nan mai laushin jiki da hannuwa goma wadda take fesa baƙin ruwa kamar tawada. Tana da 'yar'uwa a manyan tekuna wadda tsawonta yake kai mita 12, idonta kuwa ya kai faɗin faranti, kuma sai a shekarar 2004 masana daga Japan suka fara ɗaukar hotonta da rai a mazauninta. Babban abokin gabanta shi ne wani ƙaton dabban teku wanda Larabawa suke kira hutul anbar. Ko da yake siffarsa ta kifi ce, iska yake shaƙa, macen kuma tana shayar da ɗanta nono, amma yana riƙe numfashi ya nitsa fiye da mita 1,000 don farautar habbar. Bakin habbar yana da tauri kamar na aku, ba ya narkewa, kuma a hanjin wasu daga cikin hutul anbar wani abu mai maiƙo yana taruwa a kan wannan bakin. Wannan shi ne anbar ɗin da masu turare suke saye da tsada. Sunan ba baƙo ba ne a gare mu, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa rundunar Abu Ubaida, Allah ya yarda da shi, ta sami wata ƙatuwar dabba mai suna anbar da teku ya jefo gaɓa a lokacin da yunwa ta tsananta musu, suka ci namanta kwanaki da yawa.

Tekunmu na Bahar Maliya yana da nasa hali. Tsakiyarsa ta kai zurfin kusan mita 3,000, wanda bai kai kashi ɗaya cikin uku na ramin Mariyana da ke tekun Fasifik ba, inda zurfi ya kusa mita 11,000. A ƙasan yawancin tekuna ruwa yana da sanyi kamar na firji, amma a nan ɗuminsa yana kusan digiri 21 har ƙasa, saboda mashigar Babul Mandab ba ta da zurfin da ruwan sanyi na tekun Indiya zai kwararo ciki. Shi ya sa da yawa daga halittun da muka ambata ba sa zama a nan. Tsakanin Jidda da gaɓar Sudan, a zurfin kimanin mita 2,000, akwai wani kwari da ruwan gishiri mai kauri ya kwanta a cikinsa, zafinsa ya haura digiri 60. Abin da tekunmu yake da shi da yawa shi ne ƙananan kifaye masu ɗigon haske a jiki, waɗanda suke wuni a zurfi, su hauro sama da dare su ci abinci, su koma kafin gari ya waye.

Ba na jin wani a ajin nan zai taɓa haɗuwa da mai fitila a goshi. Abin da nake ji wa masu wanka a gaɓar Sawakin ko Jidda tsoro yana cikin ruwan da bai wuce gwiwa ba, musamman kifin dutse, wanda yake kwanciya tsakanin duwatsu da ƙayoyi masu dafi a bayansa. A sa takalmi mai kauri kafin a taka ruwa. Wanda ƙayar ta soke shi, a tsoma ƙafar cikin ruwan zafi gwargwadon abin da fata za ta jure ba tare da ƙuna ba, a kai shi asibiti nan da nan.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya tambayi wani masunci gaba nawa yake sakin igiyar fatsarsa, ya rubuta adadin da lambobi a littafinsa, sannan ya auna da tef tsawon hannuwan masuncin idan ya miƙe su, wato gaba guda, domin a zama na gaba mu lissafa tare ko igiyar ta kai mita 200.