Yadda ake ɗaukar bidiyo a tsarin RAW da aiki da shi

RAW shi ne bayanan da sensar kyamara ta kama kafin a gasa musu launi. Shi ya sa a manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve za ka iya sauya ma'aunin fari, wato saitin da ke sa farin abu ya fito fari a hoto, bayan an tashi daga lokeshan, hoton bai lalace ba.

Amma abin da ya ƙone ya ƙone. Idan jarumi ya sa farar shadda da tsakar rana, kunna zebra (layukan da kyamara ke nunawa a inda haske ya yi yawa) a kashi 95, ka sa gilashin ND mai rage haske har layukan su bar jikin rigar. In ka bari ta yi fari fat, zaren shaddar ba zai dawo ba.

A kyamarar Blackmagic Pocket 6K, tsaya a ISO (saitin ƙarfin hasken hoto) 400 da rana, 3200 da dare, domin su ne asalin ƙarfin sensar. Zaɓi matsi, wato rage girman fayil, na 12:1 don hira, 5:1 don koren ƙyalle da ake ɗauka a gabansa don a sauya bayan hoto. Ka lissafa wurin ajiya: hoto mai girman 6K a 12:1, firem 30 a daƙiƙa, yana cin kusan gigabayit 290 a awa ɗaya. Katin ajiya mara sauri yana tsinke ɗauka a tsakiyar fitowa.

Kwafi kowane kati a faifai biyu kafin ka goge shi. Yi aikin tacewa da firoksi, wato ƙaramin kwafin bidiyon mara nauyi, sai lokacin gyaran launi ka koma kan asalin fayil.