Jarrabawar Oktoba da ke Wuce Iyaye Sababbin Zuwa Amurka

Idan kun iso Amurka da yaro a sakandare, ku sa ido a kan watan Oktoba na shekarar da yake aji 11. A lokacin ne makarantu ke ba da jarrabawar PSAT/NMSQT. Yara da yawa suna ɗaukar ta a matsayin share fagen SAT, jarrabawar neman shiga jami'a, su shiga ba shiri, alhali ita ce ƙofar gasar tallafin karatu ta National Merit, wadda ake yi tun 1955. Wadda aka rubuta a aji 10 ba ta shiga lissafi. Ta aji 11 ce kaɗai, sau ɗaya tak.

Yadda ake haɗa makin ne ya fi shafar 'ya'yanmu. Ana ninka makin karatu da rubutun Turanci sau biyu, a ƙara na lissafi, a raba da 10. Mafi girma shi ne 228. Wato Turanci ya ninka lissafi nauyi. Yaron da ya zo daga Zinder ko Maradi da Faransanci, ko daga Kano da Turancin aji, zai iya cinye lissafin duka amma ya makale a nan. Gyaran ba na wata guda ba ne. Tun daga aji 9 a yi masa katin laburaren unguwa, kyauta ne, a bar shi da littattafai. Jarrabawar ta koma kan kwamfuta tun 2023, akwai gwaji kyauta a manhajar Bluebook da shafin Khan Academy, don haka kada wani ya tatse ku da sunan koyarwa ta musamman.

Kowace jiha da makin da take yankewa. A New Jersey da Massachusetts sai an kai 220 da 'yan kai, a West Virginia ko Wyoming kuwa ƙasa da haka sosai. Cikin ɗalibai sama da miliyan ɗaya, kimanin 16,000 ne ke tsallakewa zagayen kusa da na ƙarshe, ana sanar da su a Satumbar aji 12. Daga nan sai cike takardu: gajeren rubutu a kan kansa, shaidar makaranta, sakamako mai kyau, da makin SAT ko takwararta ACT da zai gaskata na farko.

Kyautar da hukumar gasar ke bayarwa dala 2,500 ce, sau ɗaya. A tsadar jami'ar Amurka wannan ba ta kai ta kawo ba. Babban rabon yana hannun jami'o'in da ke zawarcin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, irin su Jami'ar Alabama, Jami'ar Tulsa da Jami'ar Texas da ke Dallas, waɗanda suka daɗe suna yafe kuɗin karatu ko mafi yawansa. Sharuɗɗan na canzawa kowace shekara, wasu kuma suna duba takardun zama, sai a karanta na shekarar da idon basira.

Harvard da Princeton da takwarorinsu ba sa ba da tallafi don maki, samun iyaye suke dubawa, kuma masu lambar National Merit sun yi musu yawa har ba ta ɗaga musu hankali. A ganina, iyalin da ke lallaɓa kuɗin haya ya fi dacewa su nemi jami'o'in iri biyun duka, kada kwaɗayin suna ya sa a raina digiri marar bashi.

In rashin lafiya ya hana yaro zama a ranar, a rubuta wa hukumar gasar da wuri. Tana karɓar makin SAT a madadi, amma wa'adin neman hakan yana cika a farkon Afrilu.