Yadda ake buɗe ajin sana'ar hannu da tatsuniya a nadin unguwa

A unguwarmu ta Gadarif, a gabashin Sudan, akwai wata tsohuwa da ke ɗinka faifai tun kafin a haifi iyayenmu. Jikarta kuwa, da aka nuna mata faifan aka ce ta faɗi sunansa, sai ta ce "tabag". Ba ta yi kuskure ba, sunansa ke nan da Larabcin Sudan, amma na Hausar bai zo bakinta ba. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, da Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gaɓar kogin Shuɗin Nilu, da kuma ayarin mahajjata da suka yada zango suka zauna, Hausawa ke riƙe da harshensu a ƙasar nan. Abin da ya riƙe shi kuwa aiki ne da hira: ana saƙa ana magana, ana daka ana waƙa. Shi ya sa nake ganin duk ajin al'ada da za a buɗe a nadi, wato kulob ɗin unguwa, hannu da baki su tafi tare. Ga yadda muka bi.

Mataki na farko, ku fara da mutane kafin ku nemi ɗaki. Ku ɗauki littafi, namiji ɗaya mace ɗaya, ku bi gida-gida kuna tambayar wa ya iya me. Za ku sha mamaki. Akwai mai saƙar tabarma, mai ɗinkin hula, baduku, mai zanen ƙwarya, mai ƙunshi, malamin allo mai kyan rubutu, da tsohuwar da tatsuniya ba ta ƙare mata. Kada ku manta da baƙin da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya koro daga Khartum da Madani da Sinnar; da yawansu masu sana'a ne da suka baro kayan aikinsu, zaman banza na cin ransu.

Yadda za ku roƙi tsoho ya koyar shi ne rabin aikin. In kun ce "Inna, muna so ki zama malama", za ta yi dariya ta ce ita ba ta yi boko ba. Ku durƙusa ku gaishe ta, ku sha shayinta, sannan ku ce: "Inna, ranar Asabar ki taho da kabarki nadi ki yi aikinki a can, yara su zauna kusa da ke." Wannan za ta yarda da shi. Koyarwar da kanta take zuwa, don ba tsohuwar da za ta ga yarinya ta riƙe basilla a karkace ta yi shiru.

Na biyu, izini da wuri. Ku je wa shugabannin nadi da kwamitin unguwa da liman, ku faɗa musu rana da lokaci da abin da za a yi, kada su ji a bakin wani. In ɗakin nadin na cike da 'yan gudun hijira, ko samari sun mamaye shi da kallon ƙwallo, rumfa ta isa, wadda nan ake kira rakuba. A yi gayya a kafa ta da kara cikin yini ɗaya, a shimfiɗa tabarmi, a ajiye randa da moɗa. Ɓangaren mata ya zama da shinge, in ba haka ba iyaye ba za su saki 'yan matansu ba.

Lokaci kuma yana bin gona. Mu kuskuren da muka yi ke nan: mun buɗe a watan Oktoba, daidai yankan riɗi, sai ajin ya watse cikin mako biyu don kowa ya tafi gona. Ku jira a gama girbin dawa, ku fara cikin sanyi, wajen Janairu. Asabar bayan la'asar ta fi dacewa, tunda ba makaranta, rana kuma ta yi sanyi.

Na uku, darasin farko. Shawarata a fara da haɗa tawada, domin maza da mata duk za su iya, kayanta ba tsada, kuma yaro zai koma gida da abin da ya yi da hannunsa. Ƙaro dai ba a nemansa da nisa a Sudan, ƙasar da ta fi kowace fitar da shi a duniya. A jiƙa shi tun daren Juma'a ya narke, a tace da ƙyalle. A kankare baƙin gindin tukunya, ko a daka gawayi ya yi laushi kamar kwalli, a tankaɗe. A zuba garin cikin ruwan ƙaron kaɗan-kaɗan ana juyawa, a ɗora a wuta ya ɗan tafasa, a sauke ya huce. Sai a gwada a kan allo. In ta bushe ka shafa da yatsa ta goge, ƙaro ya yi kaɗan. In tana danƙo tana kama alƙalami, a ƙara ruwa. Kowane yaro ya zo da 'yar kwalba ta zama kurtunsa, babba kuma ya feƙe musu alƙalami na kara. Wuƙa kada ta shiga hannun ƙanana.

Da tawadar nan za a shiga rubutu, kuma a nan muke da wata sa'a da ya kamata mu yi amfani da ita. Yaranmu da haruffan Larabci suka tashi, saboda haka ajami ƙofa ce a buɗe gare su. Abin da ya rage kawai a nuna musu 'yan wuraren da Hausa ta bambanta: ɗa mai hannu don rubuta "ɗaki", a ɗora masa ɗigo uku ya zama "tsa" na "tsamiya", harafin sa mai ɗigo uku (ث) ya zama "ca", ɗigo babba a ƙasan harafi ya ba da wasalin "e". A sa kowa ya rubuta sunansa, da sunan kakarsa, da garin da kakannin suka fito in ya sani. In bai sani ba, aikin gida ya samu: ya je ya tambayo. Haruffan boko su biyo baya, don da su ake rubuta Hausa a waya.

Bayan makonni biyu ko uku sai a raba aji, masu faifai da tabarma gefe guda, masu hula da fata gefe guda. Kabar goruba a jiƙa ta kafin a fara don kada ta karye, a rina wani sashi da galura ko ƙaran dafi. Mutum shida zuwa takwas sun ishi mai koyarwa ɗaya. Doka ɗaya muka kafa: kayan aiki da Hausa ake kiransu. Yaro ya yi hirarsa da Larabci in ya so, ba mai tsawata masa, amma in yana son basilla sai ya ce basilla. Kada a yi wa mai gurguwar Hausa dariya ko sau ɗaya, domin wanda aka yi wa ba ya dawowa.

Na huɗu, a rufe kowane zama da tatsuniya bayan sallar magariba, tunda tsofaffi ba sa yarda a yi ta da rana. Fitila mai cajin rana ta wadatar in an ɗauke wuta. Kaka ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa "Ta zo mu ji ta". 'Ya'yan maƙwabta da ba Hausawa ba a bar su su zauna, a kuma ba su fili su kawo tasu da "Hajjaitkum ma bajjaitkum", yadda ake buɗe tatsuniya da Larabcin Sudan. Bayan rikicin ƙabilanci da aka gani a jihar Shuɗin Nilu a 2022, ban ɗauki zaman yaran ƙabilu daban-daban a tabarma ɗaya ƙaramin abu ba. In za a naɗi muryar tsohuwa a waya, a nemi yardarta tukuna, hoton yara kuma kada ya hau Facebook sai da sanin iyaye.

Na biyar, kuɗi. Kada a sa wa yara kuɗin shiga. A buɗe asusu, iyaye masu hali su riƙa jefa abin da ya sawwaƙa, 'yan'uwa da ke Saudiyya su turo nasu ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya. Mutum biyu su riƙe lissafi, a karanta shi a bainar jama'a ƙarshen kowane wata. Mai koyarwa a ba shi ko da kuɗin sukari da ganyen shayi ne. Ya bar aikinsa ne ya zo.

Bayan wata uku a yi ranar nuni. A baje fayafai da huluna da allunan rubutu, kowanne da sunan mai shi da ajami, a gasa agashe, a dama godogodo, 'yan mata su yi gaɗa, samari su yi langa. Abin da aka sayar a raba biyu, rabi na wanda ya yi, rabi na sayen kaba da zare. A ranar ce za ku fitar da littafin nan na farko ku rubuta sunayen sababbin ɗalibai, da na tsofaffin da suka ƙi a karon farko, yanzu kuma suka zo suna tambaya ko akwai sauran wuri a rumfa.