Rikicin katanga da maƙwabci: inda aka fi yin kuskure

Yawancin rigingimun iyaka da nake gani a unguwannin Kano ba su wuce taƙi biyu ko uku na ƙasa ba, amma sai su raba gidajen da suka shekara ashirin suna aika wa juna kwanon tuwo. Kusan kullum daga wuri ɗaya suke farawa: mutum ya sa magini ya haƙa ramin gini maƙwabcinsa ba ya nan. Magini ya bi inda dillali ya nuna da ƙafa, ko ya ja igiya daga tsohuwar danga, alhali danga tafiya take yi, duk shekarar da aka sabunta ta sai ta ɗan gusa.

Kafin a ɗora bulo ko ɗaya, ka je har ƙofar gidan maƙwabcinka ka ce, "Malam, jibi zan fara katanga, don Allah ka zo mu tsaya kan awo tare." Kowa ya fito da takardarsa, a nemo turakun siminti da safiyo ya kafa. In fulotin ƙafa 50 da 100 ne, a auna dukkan ɓangarori huɗu a gaban shaidu. Idan turakun sun ɓace a kira safiyo mai lasisi, a raba kuɗinsa. Kada ka tumɓuke turakun ko ka matsar da su da kanka. Laifi ne a doka, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa ƙassai bakwai a wuya. Wannan ya isa ya sa mutum ya maimaita awo.

In kuma kai aka shigar wa fili, kada zafin rai ya kai ka ga rushe ginin. Da ka ture bulon nan ka tashi daga mai ƙara ka koma wanda ake ƙara. Garzayawa caji ofis ma ba ya warware komai, don 'yan sanda ba sa yanke hukuncin mallakar ƙasa. Fara da mai unguwa da liman da dattawan da suka ga lokacin da aka yanka filayen, sannan dagaci ko Hisba. Kotu ta zama ta ƙarshe.

Ana kuma mantawa da ruwa. Indararon da ke zuba a jikin katangar wani yana cinye ta a hankali, sai ka juya shi cikin gidanka ko kwata.

Abin da ya fi damuna shi ne sulhun fatar baki. An daidaita, an yi fatiha, an watse, ba a rubuta komai ba. Ranar da iyaye suka kwanta dama, magada su tono zancen daga farko. A rubuta awon da aka amince da shi, da wanda ya biya kuɗin katangar, da ko ɗayan zai iya jingina gini a jikinta. Mai unguwa ya sa hannu da hatimi, shaidu biyu su sa, kowane gida ya ajiye kwafi tare da takardar fili.