Yadda na gyara hitar gidanmu da ke ta mutuwa cikin dare

Daren Talatan nan hitar gas ɗin da ke ɗumama gidanmu a Winnipeg ta ƙasar Kanada ta so ta gama da mu wallahi. Sai ta kama, ta yi minti biyu ko uku ta mutu, ta sake kamawa, a waje kuma sanyi ya kai digiri 28 ƙasa da sifili, uwargida ta naɗe yara a bargo tana ta cewa Baban Abba ka kira mai gyara mana. Ni ko na san kuɗin kiran dare ba wasa ba ne.

Na sauka ɗakin ƙasa, na kashe makunnin hitar tukuna sannan na zaro filta, wato matatar da ke tace ƙura daga iskar da ke shiga hitar. Kai! Ƙura ta yi mata kamar tabarma, ashe tun Oktoba ban canza ba, laifina ne. In filta ta toshe iska ba ta wucewa, cikin hitar ya ɗau zafi fiye da kima sai ta kashe kanta. Na sa sabuwa, kibiyar jikinta na kallon hitar. Ta ɗan yi sauƙi amma ba ta daina ba.

Sauran matsalar a waje take. Fararen bututun roba biyun nan da ke jikin bango, ɗaya na jawo iska ɗaya na fitar da hayaƙi, dusar ƙanƙara ta binne bakinsu. Na kwashe da shebur, wadda ta daskare a baki na ɓamɓare da hannu a hankali don kar bututun ya tsage. Tun daga nan hitar ba ta ƙara mutuwa ba.

Kafin in kwanta na gwada ƙararrawar kabon monoksayid, wato iska mai guba da hitar gas kan iya fitarwa in hayaƙi bai samu fita ba, na danna na ji ta yi kuka, don iskar nan ba ta da wari balle kala. Bututun gas kam ban taɓa shi ba, na bar wa mai lasisi, zai zo ran Litinin.